Goggo Mai Ƙafiyar “Ci”

Goggo ta rasu ranar wata Laraba bayan azahar, a tsakiyar damina, a ɗakinta na gidan kakanmu da ke Gwandu. Yayar mahaifina ce, kuma ita ta riƙe ni tun ina ƙarama har na yi aure. Kafin la'asar ta yi sanyi an yi mata sutura, maza sun ɗauke ta. Da yamma mata suka fara shigowa, na unguwa da na Kambaza da Dodoru inda muke da dangi, washegari kuma na Kalgo, garin da ta yi zaman aure.

Na halarci zaman makoki da yawa, ban taɓa ganin mai shiru irin nata ba. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta ce, “Ya haƙuri? Allah shi jiƙan ta,” ta nemi gefen tabarma ta zauna tana kallon ƙasa. Wata 'yar uwar mijinta da ta zo daga Kalgo ta ɗora hannu a ka tun daga zaure, ta buɗe baki za ta kurma ihu, sai ta ga idanun mata a kanta. Ta mayar da kukan tari, ta nemi ruwa. Babu wanda ya hana kowa kuka. Abin da ya faru shi ne duk macen da ke tsakar gidan ta san waɗannan baitoci na Goggo, wasunsu ma sun sha yi mata amshi:

Kuka a zaure, dariya bayan danga,
Wanga ba jaje ba ne, munafunci.
Ta zo da hawaye, ta koma da labari,
Ta ƙirga tukwane, ta ce zumunci.

Saboda haka kowace ta rasa yadda za ta yi da fuskarta. Mai kukan gaskiya tana tsoron a ce nata na zaure ne, mai na zauren kuma ta san an san ta. Sai a gefe, wajen murhu, ake ɗan faɗin abin da ke rai. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce, “Bakinta reza na, amma ba ta taɓa yanka wanda bai miƙo wuya ba.” Matar limamin unguwa ta ce gaskiya take faɗi, sai dai gaskiyar ta yi yawa. Wata yarinya mai goyo, da ba ta san ina bayanta ba, ta ce wa 'yar uwarta yanzu dai a yi biki da kwanciyar rai. Ban ji haushinta ba. Goggo da kanta da ta ji da ta ce wannan ita kaɗai ta yi ta'aziyyar gaskiya.

Ba ta taɓa rubuta waƙarta ko ɗaya ba, duk da ta iya ajami. A baki suke, kuma tun ba a yi arba'in ba na ji an fara sauya su, ana jingina mata wasu da ba nata ba. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na sani.

Kakanmu malami ne, ya koya mata karatu tare da 'ya'yansa maza. Ta tashi tana jin waƙoƙin wa'azi da ake rerawa a gidajen malamai na Gwandu, daga nan kunnenta ya kama kari. An aurar da ita Kalgo ga wani manomin shinkafa da ke taɓa kamun kifi da rani. Ta haifi 'ya'ya biyu, babu wanda ya rayu. Da mijin ya rasu ta dawo gida, ba ta sake aure ba. Sana'arta shinkafa: ta jiƙa, ta turara, ta shanya, a kai inji. Yawancin waƙoƙinta a wajen shanya aka haife su. Za ka gan ta tana yawo a kan shimfiɗa tana juya shinkafa da ƙafa, tana gunaguni ba kalma, sai kari kawai. Kari take fara samu, kalmomi su biyo baya. In ɗango ya fi ɗan uwansa tsawo sai ta tsaya ta ce, “Wanga ya yi ƙiba,” ta yi ta rage shi har ya shige.

Jigonta ɗaya ne tun da na san ta: mutane sun daina nufin abin da suke faɗi. Gaisuwa, jaje, barka, alkawari, har sadaka, duk ta ce sun zama zanen fita unguwa, ana dawowa a ninke. Ba ta yi wa sarki waƙa ba, ba ta yi wa amarya ba. Kuma kusan duk baitocinta da “ci” suke ƙarewa. Wata rana ina taya ta kwashe shanya na tambaye ta ko ba ta gajiya da ƙafiya ɗaya.

Ta ce, “Ke duba, ɗiyata. Zumunci, mutunci, aminci. To, munafunci, butulci, ha'inci. Dut wutsiyarsu guda. In kin hango su ta baya ba ki rabe su, sai sun juyo.”

Tana da wata dabara da mata suka fi so. Ɗangon farko yabo ne, mai saurare ya saki jiki yana gyaɗa kai, na biyu ya zo ya mare shi. Ita ta kira shi zuma da harbi. Tana kuma ɗaukar abin da ba shi da jiki ta ba shi zane da ɗankwali ta zaunar da shi a unguwa. Waƙarta da ta fi yawo ita ce ta Gaskiya:

Gaskiya bazawara, tana zamne ƙofa,
Kowa ya wuce shi yaba mutunci.
Ga kyau, ga hali, in ji manyan gari,
Ba wanda yat taɓa zuwa zawarci.

Lokacin da na shiga kwalejin horon malamai aka koya mana jigo da salo, na dawo hutu na gaya mata abin nan da ta yi wa Gaskiya sunansa mutuntarwa. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta sa na maimaita har ta riƙe, ta yi kwanaki tana gaya wa ƙawayenta cewa ashe abin yana da suna a makaranta.

Doka ɗaya ta kafa wa kanta: ba ta kiran suna. Ta ce zambo aikin maroƙa ne, nata habaici ne. “In na kira suna, mutum guda ka jin kunya, saura su yi dariya. In ban kira ba, kowa shi duba zanensa.” A baitin ƙarshe kuma takan sa kanta a ciki, don kada a ce ta hau tudu tana leƙen mutane:

Ni mai faɗin ga ban ce na tsira ba,
Mai wanke na wasu, nata na jiran lokaci.

A zamanta na yau da kullum ma haka take. Ba ta cewa “sai na zo” in ba za ta je ba. In an kawo mata tuwo bai yi daɗi ba sai ta ce, “Sannu da aiki,” in ya yi daɗi ta ce, “Ƙaro.” Matan gidanmu duk sun san bambancin. Zama da ita ba sauƙi. Ba ta iya lallashi ba, kuma in ta riƙe magana ba ta sakinta, ko da sakin shi ne alheri.

Wannan halin ne ya raba ta da mahaifina. Shi ne autansu, kuma har ya yi furfura Auta take kiransa. Yana da gidansa a wata unguwa, yana harkar taki da iri, yawanci yana kan hanya. Wata shekara Goggo ta yi doguwar jinya, ya zo duba ta sau ɗaya, a tsaye. Shekarar da ta biyo baya ya fito takarar kansila, ya shiga zaga dangi gida gida da motoci da makaɗa. Goggo tana da wata tsohuwar waƙa da ta yi tun ina makarantar firamare, shekaru kafin mahaifina ya yi mafarkin siyasa:

Bara nay yi ciwo, ba ka san hanya ba,
Bana kag gane ta, don shugabanci.
Gaisuwa mai ganga, gaisuwa mai mota,
In an gama ƙirga ta koma barci.

Samarin abokin takararsa suka tono ta. Suka sa wani ya rera, suka ɗaura lasifika a kan babur suna zaga gari. Ba su sauya ko kalma ɗaya ba. Abin da kawai suke yi, in sun zo ƙofar shagon mahaifina sai su rage gudu. Kowa a Gwandu ya san waƙar ta yayarsa ce.

Mahaifina ya zo da hantsi Goggo tana shanya, ina zaune a inuwa ina tsince wake. Bai zauna ba.

Ya ce, “Yaya, kin ji abin da anka yi da waƙarki?”

Ta ce, “Na ji.”

“To ki hito ki ce ba da ni kike ba. Ke kin san ta girmi takarar ga.”

“Ban kira sunan kowa ba, Auta.”

“Su sun kira.”

Ta ci gaba da juya shinkafa da ƙafa. Can ta ce, “In riga ba taka ba ce, mi yas sa ta yi maka daidai?”

Ya tsaya yana kallonta, sannan ya juya ya fita. Ya faɗi zaɓe. Ko waƙar ce ta kayar da shi, ko dama ba zai ci ba, ban sani ba, kuma ba na jin akwai wanda ya sani. Amma daga ranar bai sake taka ɓangarenta ba. Da Sallah yakan aiko ƙannena da nama da gaisuwa, ta karɓa ta ce a gode. Dangi suka yi ta shiga tsakani. Shi ya ce kalma ɗaya ya nema a wajen yayarsa ta hana shi. Ita ta ce ba za ta wanke wanda bai yi wanka ba. Ni da nake 'yar ɗaya kuma 'yar riƙon ɗaya, na koyi kada in kai zancen wannan ɗakin zuwa wancan. Aka yi shekaru a haka.

A cikin waɗannan shekarun ne wani abu ya faru da mutane kaɗan suka sani. A Kalgo akwai wata mata da suka yi maƙwabtaka da Goggo lokacin zaman aurenta. Mai hannu da shuni ce a da, gidanta ba ya rabuwa da mata masu zuwa hira da cin abinci. Ba ta ƙaunar Goggo. Ita ce ma ta fara yaɗa cewa wadda ba ta da ɗa ba ta da aikin yi sai sa ido. Sai ɓarin jikinta ya shanye. 'Ya'yanta maza suna Kudu, matan da ke cika mata gida suka zo sannu kwana biyu suka ɗauke ƙafa. Lokacin ina koyarwa a Kalgo, ni na kawo wa Goggo labarin, a matsayin hira kawai.

Washegari ta ɗaure kayanta a zane ta bi ni. Ta zauna a gidan matar har aka yi girbi. Ita ke juya ta, ita ke yi mata wanka, ita ke wanke shimfiɗar da ta ɓata. Matar ba ta iya magana sosai, sai ta yi ta bin Goggo da ido. Na taɓa shiga na tarar Goggo tana ba ta kunu a baki tana mata faɗa: “Haɗiye. Ba don ke nika yi ba, kar ki sa ma ranki.”

Da muka fito raka ni na ce, “Goggo, ga waƙa har waƙa. Waɗanda suka ci nata sun gudu, wadda ta zaga ita ke wanke ta.”

Ta harare ni. Ta ce, “Abin da kay yi don Allah, in ka sa mai amshi ya koma na mutane. Kar in ji shi bakinki.”

Ban faɗa ba sai yau, kuma matar ta riga Goggo rasuwa.

Bayan wannan da kamar shekara aka yi bikin wata 'yar ƙanen mijinta a Kalgo. Da yamma mata suka taru a tsakar gida, aka kifa ƙwarya a ruwa, aka ce sai Goggo ta yi waƙar Gaskiya bazawara. Ta fara, wuri ya ɗauki amshi. Wadda ta fi kowa rawa da guɗa ita ce ɗaya daga cikin matan nan da suka guje wa marar lafiyar. Tana juyi, duk inda aka zo “ba wanda yat taɓa zuwa zawarci” sai ta nuna wata da yatsa, a fashe da dariya. Waɗanda aka nuna su ma su nuna wasu. Goggo ta kai tsakiyar baiti ta tsaya. Ta ce maƙogwaronta ke ciwo, a ba wata.

Muka shiga mota muka kama hanyar komawa Gwandu. Sai da muka wuce gonakin shinkafa ta ce, “Kin ji, yau har ƙarya na yi. Maƙoshina lahiya lau.”

Na ce to me ya faru.

Ta ce, “Na zaci sabulu nika rabawa. Ashe laka ce, kowa na ɗiba shi shafa ma maƙwabci. Samarin nan na babur ma hakanan sunka yi, ni ce ban gane ba.”

Ba ta sake rera waƙa a taro ba. An roƙe ta a suna, an roƙe ta a biki, har wasu ɗalibai sun zo da na'ura suna so su ɗauka, ta ce ta tsufa. Gunagunin wajen shanya bai daina ba, amma in ta ga ina kasa kunne sai ta yi shiru. Abin da ta tsara a waɗannan shekarun na ƙarshe ta tafi da shi.

Ciwon ajalinta ya fara da kumburin ƙafa. Likita ya ce zuciya ce. Na ɗauki hutu na dawo Gwandu ina jinyarta. Masu dubiya suna ta zuwa, tana amsa musu da ido rufe. Ban aika wa mahaifina da komai ba bayan abin da kowa ya sani.

Wata rana bayan la'asar, gidan ba kowa sai ni da ita, na ji sallama a bakin ƙofa. Shi ne, shi kaɗai, ƙafarsa duk laka. Ya cire takalmi ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da gadon. Ta buɗe ido ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, “Auta, babu zaɓe bana hwa.”

Ya ce, “Na sani, Yaya.”

Na tashi zan ba su wuri, ta ce in zauna, tana son shaida.

Ta ce masa, “Waƙar nan ba da kai na yi ta ba. Ka sani, na sani. Ranar da kaz zo, kalma guda ta ishe ka, kuma gaskiya ce. Na riƙe ta don in ci gardama. Na yi shekaru ina zagin masu ɓoye gaskiya, ni ma na ɓoye tawa da ta zo ba ta yi mani daɗi ba. Ka yafe mani.”

Mahaifina ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Kin yi jinya na zo a tsaye, Yaya. Ba a ƙirƙira shi ba.”

Ta ce, “To kai ka san naka. Ni nawa nika faɗi.”

Ya ce ya yafe, ita ma ta yafe masa. Babu wanda ya yi kuka. Ta tambaye shi yadda gonarsa ta Dodoru ta yi da ruwan bana, ya ce ya yi yawa a fadama. Suka yi ta zancen taki har aka kira magariba.

Daga ranar kullum sai ya zo. Abinci ya daina shiga mata, abin da kawai take marmari gasasshen kifin Kalgo, irin wanda mijinta yake kawowa. Mahaifina yakan aika a sayo, ya zauna a ƙasa da faranti a cinya, ya sa tabarau, yana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya yana ba ta a baki. Wata rana kifin ya ƙone ta gefe, ta tauna ta ce, “Sannu da aiki.” Ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ranar da ta cika yana riƙe da hannunta, shi ya laƙƙana mata kalmar shahada, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe ta.

Mutane za su ci gaba da rera waƙoƙinta, wasu don su gyara, da yawa don su nuna wani da yatsa, wannan kuma ba a hannunta yake ba yanzu. Ni dai abin da nake roƙa mata, Allah ya gafarta mata kaifin harshenta, ya haskaka makwancinta, ya yi mata hisabi da ayyukan da ta ƙi sa wa amshi.